Wa Ke Tafiya, Wa Ke Riƙe Igiya? Kira Zuwa Aikin Bishara a Ƙetare da Yadda Ake Neman Tallafi

Kusan kowace shekara, bayan babban taron matasa na ikilisiya ko taron ɗalibai Kirista a jami'a, ana samun saurayi ko budurwa da ke komowa gida da magana mai nauyi a baki: "Baba, Mama, ina jin Ubangiji yana kirana in tafi aikin bishara a wata ƙasa." Wani gidan a yi murna, wani gidan shiru ya ratsa. Daga baya uwa ta ce, "To, ɗana, mun ji. Amma wa zai ciyar da kai a can?" Akwai masu ɗaukar wannan tambaya a matsayin ƙarancin bangaskiya. Ni ina ganin ita ce tambayar da ta fi cancanta a fara da ita, domin a kanta ne tafiyar matasa da yawa takan tsaya ko ta rushe.

Mutane da dama sun ɗauka akwai wata taska a Amurka ko Ingila da ake ɗebo wa 'yan mishan kuɗi daga cikinta. Babu ita. Kuɗin da ke tura mutum ƙetare daga aljihun masu bi yake fitowa, a can da nan duka, kuma hanyoyin tara shi biyu ne. A ta farko, ɗariƙa ko ƙungiya ce ke karɓar baiko ta riƙa ba ma'aikatanta ɗan abin biyan bukata. Haka EMS, wadda aka kafa a 1948, reshen aikin bishara na ɗariƙar ECWA a yau, take yi: ikilisiyoyi, da ƙungiyoyin Zumuntar Mata, da ɗaiɗaikun mutane sukan ɗauki nauyin iyalin mai bishara, kuɗin ya bi ta ofis ya isa gare shi. A ta biyu, shi ma'aikacin ne da kansa zai nemo mutanen da za su yi alkawarin ba da wani abu duk wata. Ƙungiyar YWAM, wadda aka fara a 1960, ba ta biyan kowa albashi, daga babba har ƙarami. Yawancin ƙungiyoyin da ke tura matasa ƙasashen waje ta wannan hanya ta biyu suke bi, kuma ba sa barin mutum ya tashi sai alkawuran sun kusa cika.

Samari uku a Legas

Tarihin ECWA kansa da irin wannan matsala ya fara. A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Legas: Walter Gowans, da Thomas Kent, da Rowland Bingham, duk ba su kai shekara 30 ba. Nufinsu su kutsa cikin ƙasar Sudan, kamar yadda Turawa ke kiran yankinmu a wancan zamani. Sun nemi ƙungiyoyin mishan su tura su, ba wadda ta yarda, sai suka taho da ɗan abin da suka iya harhaɗawa. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida. Bingham ya koma Kanada shi kaɗai. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake mayar da shi gida. Sai a 1902 aka samu kafa tasha ta farko a Patigi, a bakin Kwara, kuma a lokacin Bingham ya riga ya haɗa majalisar mutane a Toronto masu tara kuɗi, da tantance masu son tafiya, da yi musu addu'a. Daga nan ƙungiyar mishan ta SIM ta kafu, daga aikinta aka buɗe asibitin Galmi a Nijar a 1950, ECWA kuma ta tsaya da ƙafarta a 1954. Samarin nan uku ba kishi suka rasa ba. Abin da babu a tafiyar farko shi ne jama'a a bayansu, kuma Bingham ya ƙare yawancin rayuwarsa yana gina wannan jama'a.

Shekara 100 kafin su, William Carey ya tashi daga Ingila zuwa Indiya a 1793. Baikon farko da ƙungiyar da ta tura shi ta tara a garin Kettering a 1792 fam 13 ne da sule 2 da sisi. Abokinsa Andrew Fuller ya kwatanta al'amarin da mutumin da ya yarda ya sauka cikin rami mai zurfi bisa sharaɗin 'yan'uwansa su riƙe masa igiya. Duk wanda ya taɓa ganin ana yasar rijiya ya san na ciki bai fi na baki muhimmanci ba. Fuller ya riƙe igiyar nan har ya rasu a 1815, yana yawo gari gari yana neman tallafi, Carey kuwa bai sake taka Ingila ba har mutuwarsa.

Yau Najeriya ba mai karɓar 'yan mishan kaɗai ba ce, tana cikin masu turawa. A Zariya aka kafa ƙungiyar aikin bishara ta CAPRO a 1975, kuma matasa ne da suka gama karatu suka fara ta. A 1982 ƙungiyoyin aikin bishara na ƙasar suka haɗu ƙarƙashin inuwa ɗaya mai suna NEMA. Saboda haka matashin da ya ji kira yau ba shi da dalilin tafiya shi kaɗai kamar su Gowans. Akwai waɗanda suka riga shi kwana.

Yaya ake gane kira?

Kira abu ne da ke faruwa a zuciya, ba mai iya leƙawa ya gani. Amma Littafi Mai Tsarki bai bar shi a zuciyar mutum ɗaya ba. A Ayyukan Manzanni sura 13, ikilisiyar Antakiya ce ta yi azumi da addu'a, ta ɗora wa Barnaba da Shawulu hannu, ta sallame su. Mutane biyun nan kuwa ba baƙi ba ne a wurin, sun riga sun yi shekara guda suna koyarwa a cikinta. Da suka komo, a sura 14, sun tara jama'a sun ba da labarin duk abin da ya faru. Mai kira ɗaya ne, amma aike na jama'a ne.

Don haka wurin farko da matashi zai nufa da maganarsa shi ne wurin fastonsa da dattawan ikilisiya, tun kafin ya buɗe shafin neman taimako a intanet. Su kuma dattawa kada su yi saurin tafa hannu, kada kuma su yi saurin kashe masa gwiwa. Su duba abin da ke a fili. Yana koyar da yara ranar Lahadi? An taɓa ba shi ajiyar kuɗin Zumuntar Matasa, lissafi ya fito daidai? In aka tsawata masa yana ji? Yana iya zama lafiya da wanda ra'ayinsu ya saɓa? Wanda bai taɓa gaishe da maƙwabcinsa mai wani addini ba a unguwarsu, jirgin sama ba zai koya masa ladabi ba.

Akwai kuma tambayar da ake jin nauyin yi, ni kuwa ina ganin ƙauna ce a yi ta. A wannan zamani da matsin rayuwa ya sa matasa da yawa ke neman hanyar fita, sha'awar barin ƙasa tana iya sa rigar kira ba tare da mai ita ya sani ba. Sai Baba Fasto ya zaunar da yaro ya tambaye shi: "Ɗana, in aka ce ba Landan ba ce, wani ƙauye ne a Cadi ko Gini, babu lantarki, babu asibiti kusa, kiran yana nan?" In yana nan, madalla. In ya dusashe, yaron bai yi laifi ba, neman aiki a waje halal ne. Sai dai ya nema da sunansa na gaskiya, ba da baikon gwauraye ba. Hanya mafi sauƙi ta gwaji ita ce a tura shi shekara ɗaya ko biyu wata tashar bishara a cikin ƙasa, inda ba a jin yarensu, a ga yadda zai yi da kaɗaici da baƙon abinci.

Horo ma ba a tsallake shi. Akwai makarantun tauhidi irin su JETS a Jos, da TCNN a Bukuru, da ta Kagoro, ƙungiyoyi kuma suna da nasu makarantun koyon zama cikin baƙuwar al'ada. Mai jin Hausa yana da jari babba, domin za a fahimce shi a Maraɗi da Damagaram, da Garwa, da zangunan Kumasi da Akara, har cikin Hausawan Sudan. Amma ofishin gwamnati a Nijar ko Kamaru ko Cadi Faransanci zai nema, kasuwar Njamena kuma Larabci. Sana'a a hannu ita ma rabin guzuri ce: jinya, koyarwa, aikin gona, gyaran injin, haƙar rijiyar burtsatse. Manzo Bulus kansa ɗinkin tanti ya yi a Korinti tare da Akila da matarsa.

Lissafi kafin roƙo

Yesu ya ba da misalin mai son gina bene, wanda zai fara zama ya yi lissafi ya ga ko abin hannunsa zai kai. Kuskuren da matasa suka fi yi shi ne su lissafa kuɗin jirgi su tsaya nan. Kuɗin tafiya sau ɗaya ake biya: fasfo, biza, tikiti, katin rigakafin shawara, kuɗin haya na farko, katifa da tukunya. Wanda ke karya mutum shi ne na wata wata: abinci, haya, makarantar koyon harshe, magani, sufuri, sabunta takardar zama, in akwai iyali kuma kuɗin makarantar yara. Sai na uku da kusan kowa ke mantawa, wato kuɗin ko-ta-kwana, wanda zai dawo da kai gida in rashin lafiya ta yi tsanani, ko an yi rasuwa, ko ƙasar ta hargitse.

Ga kuma canjin kuɗi, wanda ya jigata masu bishara 'yan Najeriya a 'yan shekarun nan. A farkon watan Yuni na 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A ce mutum yana bukatar dala 400 a wata: abin da naira 184,000 ke biya masa ya koma sai da naira 600,000, alhali masu ba shi tallafi ba a ƙara musu albashi ninki uku ba. Wanda ke ƙasashen sefa ma bai tsira ba, domin sefa a ɗaure take da yuro, kusan 656 a kan yuro ɗaya, saboda haka duk faɗuwar naira a kansa take sauka. Ikilisiyar da ta yi alkawari da naira ta riƙa sake duba alkawarin aƙalla sau ɗaya a shekara.

A nan ne kuma tambayar gida ke shigowa. A wurinmu yaron da aka sha wahala aka ilmantar, shi ake sa wa ido ya ɗauki ƙannensa. Wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Timoti ta yi kakkausan gargaɗi ga mai bi da ya ƙi kula da danginsa, Yesu kuma ya tsawata wa masu fakewa da keɓe dukiya ga Allah don su hana iyayensu. To, ɗan abin da za a riƙa aika wa Baba da Mama a saka shi cikin lissafi a fili, a gaya wa masu tallafi. A zauna da yayye da kawunnai a raba ɗawainiya tun kafin a yi ban kwana.

Yadda ake nema

Tun da daɗewa masu aikin bishara suka rabu a kan ko ya dace a buɗe baki a roƙa. George Müller, mai gidajen marayu a Bristol, bai taɓa tambayar mutum kuɗi ba, sai addu'a. Hudson Taylor, wanda ya kafa ƙungiyar aikin bishara a cikin ƙasar Sin a 1865, shi ma ya hana roƙo, ya kuma hana cin bashi. D. L. Moody kuwa kai tsaye yake zuwa wurin attajiran Chicago ya faɗi bukatarsa. Dukansu aikinsu ya tsaya. Abin da nake ƙi shi ne na tsakiya, wato mutum ya ce shi ba ya roƙo, amma kullum ya tashi ba da shaida sai ya karanto jerin matsalolinsa yana satar kallon mai babbar riga. In za ka nema, nema a fili.

Kunyar ma ba ta da tushe. Luka ya rubuta a sura 8 cewa mata ne, irin su Maryamu Magadaliya da Yuwana da Suzana, suka riƙa ɗaukar ɗawainiyar Yesu da almajiransa daga abin hannunsu. Masu bi na Filibi sun aika wa Bulus gudummawa ba sau ɗaya ba tun yana Tasalonika, shi kuma ya kira abin tarayya. Mai neman tallafi ba bara yake yi ba, yana gayyatar mutum ne cikin aikin da shi ba zai iya zuwa ya yi da ƙafarsa ba.

A aikace, zumunci a ƙafa yake. Saƙon da aka watsa wa mutum 200 a WhatsApp ba ya kai ziyara ɗaya ta ido da ido. Ka nemi lokaci, ka je gida, ka gaisa yadda ya kamata, sannan ka faɗi abu huɗu a taƙaice: inda za ka, wace ƙungiya ce ta karɓe ka, me za ka yi, nawa ake bukata a wata. Ka zo da takardar fasto da ta ƙungiya. Sai ka tambaya a sarari: "Mama, za ku iya tsaya mini da wani abu duk wata na shekara biyu?" Ka ba ta lokaci ta yi tunani, ta shawarci maigida. In ta ce ba hali, ka yi godiya da zuciya ɗaya ka roƙi addu'arta, kuma kada gaisuwa ta yanke daga ranar.

Gara mutum 60 masu ba da naira 10,000 da attajiri ɗaya mai ba da 600,000. Attajiri yana iya samun karayar arziki, ko ya ɓata da kai, ko ya fara juya aikin yadda yake so. Mutum 60 kuwa, in biyar suka gaza, tukunya ba ta sauka. Kada a raina na ƙauye: manomin da ba shi da tsabar kuɗi yana iya keɓe buhun masara a lokacin godiyar kaka, a sayar a sa a asusu. Duk wanda ya san ikilisiyoyin Arewa kuma ya san cewa ɗan abin da matan zumunta ke tarawa mako mako ya riƙe masu bishara da yawa a lokacin da manyan alkawura suka bi iska.

Alkawarin da ke bin iska shi ne ciwon. A wani bincike da ƙungiyar ikilisiyoyin bishara ta duniya ta yi a ƙasashe 14, har da Najeriya da Ghana, aka buga a 1997, an gano cewa a ƙasashen da suka shigo aikin turawa daga baya, rashin goyon baya daga gida da rashin tabbataccen kira suna kan gaba cikin dalilan da ke sa ma'aikata barin aiki. Ranar sallama majami'a takan cika, a yi waƙa, a yi kuka. Bayan wata takwas sai ka ga mutum a baƙuwar ƙasa yana jiran saƙon banki da bai zo ba, yana jin nauyin tunatarwa. Maganin wannan shi ne ikilisiya ta naɗa ɗan kwamiti na mutum uku ko huɗu, su ne za su riƙa bin alkawura, ba shi ba.

Amana

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuɗin tallafi ya bi ta asusun ikilisiya ko na ƙungiya, mai sa hannun mutum biyu, kada ya shiga asusun mai tafiya kai tsaye. Bulus, da zai kai gudummawa Urushalima, ya sa ikilisiyoyi sun zaɓi waɗanda za su raka kuɗin, don kada a sami abin zargi. Wasiƙar addu'a ta riƙa zuwa a kan lokaci, da labarin gaskiya. In wata uku sun wuce ba abin da aka yi sai koyon harshe da jinyar zazzaɓi, a faɗi haka. Ƙara gishiri a yawan waɗanda suka amsa, ko ɗaukar hoton yaran mutane cikin tsumma don a taɓa zuciyar masu bayarwa, cin amana ne ga na gida da na can. Sunaye da wuraren mutane kuma ba a baza su a Facebook, domin abin da ya zame maka labari yana iya zame wa wani masifa.

Mutanen da za a je wurinsu su ma suna da haƙƙi. Magani ko rijiya ko makaranta ba tarko ba ne, a ba kowa ba tare da sharaɗi ba, ko ya saurari wa'azi ko bai saurara ba. In ka shiga ƙasa a matsayin malamin jinya, to ka zama malamin jinya na gaske, mai takarda, mai zuwa aiki da safe.

Dokoki kuma sun bambanta. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ya zauna kwana 90 ba biza, amma zama na dindindin sai da takarda. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, kafin nan kuma iyakar Najeriya da Nijar ta kasance a rufe daga juyin mulkin 2023 har zuwa Maris na 2024. Aljeriya ta kafa doka a 2006 mai hukunta yi wa Musulmi wa'azin sauya addini, Maroko kuma ta kori baƙi Kiristoci da dama a 2010. Haɗarin tsaro ma gaskiya ne: wani Ba'amurke mai suna Jeffery Woodke, da aka sace a Abalak ta Nijar a watan Oktoban 2016, sai a Maris na 2023 ya kuɓuta. Masu nufin Amurka ko Ingila su sani cewa bizar ma'aikacin addini ba ta samuwa sai wata ikilisiya ko ƙungiya da gwamnatin can ta amince da ita ta tsaya wa mutum. Duk dillalin da ya ce a ba shi kuɗi zai samo bizar mishan, a guje shi.

Saura abu ɗaya: in lokacin tafiya ya yi, alkawura ba su cika ba fa? Tara tallafi yakan ci watanni, wani lokaci fiye da shekara, kuma jinkiri ba ya nufin kiran ƙarya ne. A ci gaba da sana'a, a ci gaba da hidima a gida, a ƙara ƙwarewa a harshe. Kada a ci bashi, kada a sayar da gonar gado, kada a tashi da rabin guzuri ana cewa sauran zai biyo baya. In kuwa tafiyar ta fasa gaba ɗaya, kuɗin da aka tara ba na mai tafiya ba ne. Kwamiti ya bi kowane mai bayarwa ɗaya bayan ɗaya ya tambaye shi: a mayar masa da abinsa, ko a juya shi ga wani ma'aikacin da ke bakin aiki.